Shekarar da Shinge Ya Fanshi Irin Geronmu

Jiya bayan la'asar ruwan farko na bana ya sauka a Shinkafi. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne, ya dai jiƙa ƙasa ya tayar mana da ƙamshinta, amma kafin a kira magariba shinge, garar nan mai fiffike, ya ɓalle. Sai ga jikokina sun yi cincirindo a gindin ƙwan lantarkin ƙofar gida, wannan da kwano, wancan da murfin tukunya, suna tsalle suna ihu kamar an ce musu gobe salla. Aka yi sa'a kuwa masu wutar ba su ɗauke ba. Ina zaune a tabarma dariya ta ƙwace mini, har Hassi, 'yar autarsu, ta juyo da fiffike manne a goshi ta ce, "Kaka, mi kika yi ma dariya?"

Na ce mata wutar nan da suke rawa a ƙarƙashinta, an ce daga wani ruwa ake tatso ta, kuma ni na yi rani guda a bakin ruwan nan ina gyaran kifi. Na ce ƙwaron da suke wawaso kuwa su riƙa ganin girmansa, don shi ya taɓa fanso mana irin gero. Ba ta tsaya ji ba, shinge na tsere mata. Ni kuwa tun jiyan shekarar take dawo mini, har da warinta.

Lokacin muna Katuru, tun muna ƙarƙashin Sakkwato, ba wanda ya taɓa mafarkin wata jihar Zamfara. Ban daɗe da aure ba. Damina ta riga ta yi mana rowa a shekarar da ta gabata, a wannan kuma ta juya mana baya ɗungum. Muka yi shuka ta ƙone, muka sake ta ƙone. Ta ƙarshe ce ta ɗan tashi, gero ya kai gwiwa ya tsaya nan, muna kallonsa yana kallonmu har ya bushe a tsaye. Abin da aka girbe a gandun gidanmu jaki ɗaya ya kwaso shi bai ko yi nishi ba. Kafin sanyi ya shiga an fara cuɗa dusa da tafasa. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya tsinke har kana iya ganin fuskarka a ciki. Tabkin bayan gari da ake su duk shekara ya ƙafe ya tsattsage, 'yan tarwaɗun da suka rage da hannu muka tone su a laka.

Uwar mijina, Inna Hassi, ita ke riƙe da irin gidan. Kowace shekara kafin a fara girbi takan shiga gona ita kaɗai ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika ido. Gero ne gajere mai saurin nuna, ta gaje shi daga tata uwar mijin, kuma ya san ƙasarmu kamar yadda muka san ta. A wannan shekarar ma, cikin ɗan abin da ya yi ƙwaya, ta tsince na kirki ta murje da tafin hannu, ta gauraya da toka ta ɗure a wani ƙaramin burgami na fatar akuya.

Da maza suka fara watsewa cin rani, wan mijina ya yi kudu ya bar mata 'ya'yansa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce mu ma mu tashi, ko ba komai an rage baki biyu a tukunya. Ranar tafiya Inna ta kira ni ɗakinta, ta ɗora mini burgamin a cinya.

Na ce, "Inna, iri na hwa. Ina ni ina yawo da shi cikin duniya?"

Ta ce, "Don haka nib ba ki. In yana gidan ga, ran da ɗiyan ga sunka yi min kukan yunwa daka shi za ni yi. Na san zuciyata. Ke ko na lura da ke, taurin kai gare ki awa jakin Buzaye. Tai da shi nesa da turmina, ki maido min ran da ruwa yas sauka. Ko ɗan nawa ya ce ki ba shi, ki hana."

Tunda nake ba a taɓa yaba mini da taurin kai ba sai ranar. Na ɗaure burgamin a ƙugu ƙarƙashin zane, muka kama hanya.

Niyyar Malam, haka nake kiran maigidan, ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda. Muka isa muka tarar da irinsa sun fi kayan yawa, buhu ɗaya maza goma na rububinsa. A bakin tashar akwai wata Kirista 'yar kudancin Zariya, Maman Ladi, mijinta na aikin jirgi ita kuma tana sayar da bandar kifi. Ta ga na zauna kusa da tirenta ina haɗiyar yawu ina yi kamar ba kifin nake kallo ba, sai ta gutsuro wutsiya ta miƙo mini da ruwan sha. Ita ce ta ba mu labarin inda kifin ke fitowa. Ta ce an tare Kwara a Kainji don a yi wutar lantarki, ruwa ya taru ya yi baya har Yawuri, kuma masunta na can suna neman hannu. Ta ce mu nemi tungar wata tsohuwa Ige. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta roƙi direban da ke kawo mata kaya ya ɗora mu a kan kwandunan da zai mayar babu komai.

Ni da na girma ina tsallake gulbi da zane a gwiwa, ranar da na ga ruwan nan sai da na zauna a ƙasa. Ba shi da ƙarshe. Ya tafi har ya haɗu da sama, ga busassun itatuwa tsaye a cikinsa, aka ce a ƙarƙashi akwai garuruwa da gonakinsu. Farin ciki ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Na ce, "Malam, ashe ruwan da anka hana mu nan anka tara shi wuri guda!" Ya ce in yi istigfari, amma shi ma bakinsa a buɗe yake.

Tungar 'yan bukkoki ce na ciyawa a kan tudu, kuma duk da a ruwan ake yin lantarki, mu da acibalbal muke gani. Ige Basarkiya ce, wato cikin Sarkawan da suka gaji sana'ar su, gajeriya mai murya kamar ta namiji. Ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo mini wuƙa. Aikina in kankare kifi, in farke ciki, in naɗe, in jera a kan banda, in riƙa zuba itace. Ladana kawuna da ɗan garin rogo. Burgamin kuwa na rataye shi a azarar rumfar banda, inda hayaƙi zai kore masa ƙwari, kuma inda idona zai kwana ya wuni a kansa.

Da farko zubar da kayan cikin nake yi ina kawar da kai. Ige ta buge mini hannu. Ta ce, "Ɗiyata, duba dai. Kowane kihi da tuwonai. Wanda bai san abin da kihi ka ci ba, wanka kawai ya zaka yi ga ruwa."

Na fara dubawa, kuma wallahi abin ya shiga raina har na riƙa ɗokin fitowar rana. Cikin karfasa kore ne shar, gansakukar da ke jikin itatuwan da ruwa ya ci take kankara, kiwo take yi kamar tumaki. Kurungu ɗan ƙasa ne, cikinsa laka da tsutsa da ƙananan dodon koɗi, har ɓawon wani ya taɓa yanka mini yatsa. Tarwaɗa kuwa tamu ce ta gida, ba ta da zaɓi ba ta da kunya, na ga kwaɗo a cikinta, na ga ƙafar fara, na ga ƙwallon kanya. Ranar da aka kawo giwan ruwa, wanda sai da maza suka kama shi aka sauke, na farke shi sai ga karfasa guda sukutum a ciki, ko ɓawonta bai ɗaye ba. Na ƙwalla ihu na yar da wuƙa. Ige ta yi dariya har da hawaye, ta ce shi wannan ba ya cin komai sai ɗan'uwansa mai rai, kuma tunda ni na tsinci karfasar tawa ce. Na wanke ta na gasa mana, ban ji ƙyama ko kaɗan ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce kawara, wata farar kifi mai walƙiya da ke yawo a saman ruwa. Lokacin da muka zo ruwa na kan ciyawar gaɓa, cikin kawara cike yake da irin ciyawa da 'yan ƙwari. Amma masu dam suna ta sakin ruwa don injin wutarsu, gaɓa na ja da baya, wurin da jiya aka ɗaure kwalekwale yau ya zama laka. Da ruwa ya bar ciyawa sai na ga cikin kawara ya fara zuwa fayau, daga baya ita kanta ta yi wuyar gani. Na tambayi Ige.

Ta ce, "Su ma cin rani sunka tai, awa ku. Sun yi zurhi. Sai ran da ruwan sama yas sauka shinge yat tashi, ran nan za ki ga haukan kihi."

Shi kuwa Malam, a gona ba na jin akwai wanda ya fi shi a Katuru, amma a ruwa sai addu'a. Ranar farko da aka sa shi a kwalekwale ya riƙe gefe da hannu biyu yana karanto duk surar da ya sani, har masuntan suka maido shi suka laƙaba masa Bazamfare. Ɗan Ige ya tausaya ya ara masa ƙugiyoyi da 'yan gura, wasu kejin saƙa da ake sa wa abinci a ciki a nutsar, kifi ya shiga ya kasa fita. Malam ya ɗauki abin kamar kiwon kaji. A ganinsa dabba dabba ce, in kana ba ta abinci a wuri ɗaya lokaci ɗaya dole ta saba da kai. Kullum da hantsi sai ya je gindin wata busasshiyar ƙirya, ya watsa ɗan garin rogon da muka rage, har da kiran nan da ake yi wa kaji da baki. Ƙugiya kuwa duk tuwo yake sa mata, don tarwaɗar tabkinmu ba ta taɓa mayar masa da tuwo ba. Tuwon ya narke, 'yan mitsi-mitsin kifi su tsattsage saura, ya dawo da abin da ko kyanwa za ta raina. Masunta da dusa suke cika gura, to a shekarar dusa abincin mutane ce, ɗan abin da ke isowa tunga masu kifin musaya ke kwashe shi.

Ya taɓa ganin irin ciyawar nan a cikin kawara, kuma bai manta ba. Na lura in ya shigo rumfar banda idonsa na tashi sama wajen azara. Na san burgamin yake kallo.

Ana cikin tsakiyar bazara wani mutumin Zurmi mai fataucin banda ya sauka tungar. Malam ya tare shi da tambayar gida. Mutumin ya ce a yankinmu mata sun fara tonon gidan tururuwa suna kwashe hatsin da ta tara, wasu sun cire ƙyauren ɗaki sun kai kasuwa. Ya ce ya biyo ta Katuru, an nuna masa Inna tana tsintar ganye a bakin gulbi, da ranta, amma iska mai ƙarfi za ta iya kayar da ita. Da yamma Malam ya shigo rumfa ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Sauko min da burgamin ga."

Na ce, "Ka yi mi da shi, Malam?"

"Rabi kaɗai nika so. In jiƙa, ki daka, mu cika gura. Da idonki kin ga ƙwaya kawara ka ci. In munka samu ko kwando guda na banda, Inna ta rayu."

Na ce, "Wancan dauri na, da ruwa na bisa ciyawa. Yanzu kawara ta yi zurhi. Gero ruɓewa za shi yi ga laka, mu rasa kihi mu rasa iri."

Ya ce, "Uwata ta ko uwarki? Kina tattalin iri, mai irin na mutuwa."

Maganar ta soke ni har na yi kuka, don ba ƙarya ya yi ba, kuma bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Amma da safiyar ranar na je itace a kan tudu, na ga abin da kowace 'yar manomi ta sani. Surin gara ya yi sabon gini, ɗanyar ƙasa ja a kansa, an fara huda 'yan ƙofofi a gindi. A gida in muka ga haka mukan fara wanke ƙwarya, don ruwa ya kusa kuma shinge na shirin fita. Sai maganar Ige ta faɗo mini.

Na share hawaye na ce, "Ka ba ni lokaci har kasuwar Yawuri mai zuwa. In ta ci ba a yi ruwa ba, da hannuna za ni daka ma."

Ya dube ni ya ce to. Na san abin da na yi. Na ɗora amanar Inna a kan gara da hadarin da ko alamarsa babu.

Zafin kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba. A gida zafinmu busasshe ne, na can kuwa jiƙaƙƙe, ga hayaƙin banda, zane ya manne a jiki, tafkin ya kwanta shiru yana ƙyalli har ido na ciwo. In na tashi aiki sai in haye tudu da fartanyar aro. Na bi surin nan ɗaya bayan ɗaya ina haƙa rami a gindinsu ina lailaye cikinsa da laka, na tara busasshiyar ciyawa a gefe, na bi bukkoki ina aron ƙwarya da kwano. Matan tunga suka samu abin yi, wai Bazamfara na gina wa gara rijiya. Na ce su yi dariyarsu, su sun fi ni sanin ruwa, amma tudu nawa ne.

Ana gobe kasuwa gari ya waye fari fat, ko gajimare babu. Malam ya fita tun da sassafe. Ya je ya aro turmi da taɓarya ya ajiye a ƙofar bukkarmu, ya wuce wurin ƙiryarsa. Duk inda na juya sai in ga turmin nan. Na yanke yatsa sau biyu a wurin aiki, har Ige ta karɓe wuƙar ta ce in je in sha iska, alhali iskar ce babu.

Bayan azahar na ji ta. Wata 'yar iska mai sanyi ta taɓa mini ƙeya. Na juya, gabas ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kafin in ce wani abu tsawa ta fashe, tafkin ya tashi da igiyar ruwa, rufin wata bukka ya yi sama, mata na ihu suna kwashe shanya. Sai ruwa, manyan ɗigo masu zafin duka. Na fito tsakiyar fili na buɗe baki ina sha ina guɗa, ni da rabona da ganin ruwan sama har na fara manta ƙamshinsa. Ya zuba son ransa, ya ɗauke rana na shirin faɗuwa, gari ya yi jajir ya yi tsit.

Sai shinge ya tashi. Ya fito daga tudu kamar hayaƙi, ya rufe sama, iska ta kwashe shi ta yi kan tafki da shi yana zuba. Jama'a, na ga haukan kifi! Ruwan da ya yi wata da watanni kwance ya kama tafasa kamar an hura masa wuta. Kawara na tsalle suna walƙiya suna cafke shinge tun bai taɓa ruwa ba, tarwaɗa sun taso da gashin bakinsu suna tsotsa kana jin ƙarar, har kurungun da ba ya barin ƙasa na gani ya juya ciki sama yana kwasa. Daga can baya kuma giwan ruwa ya biyo masu cin, in ya kai bugu sai ka ce an jefa turmi. Tunga ta rikice. Maza na rugawa kwalekwale da birgi, komarsu ta jifa, a kafaɗa, yara na faɗawa ruwa da zane, Ige na ba da umarni kamar sarkin yaƙi.

Kowa na gudu wajen ruwa, mu biyu kaɗai muka yi tudu. Na fizgi hannun Malam na ce, "Ba can ba, nan!" Ya tsaya zai yi gardama, sai ya ga ƙwarya a hannuna ya gane. Muka cinna wa ciyawar da na rufe da tabarma wuta a bakin ramukan. Shinge ya yo kan haske, fiffike na ƙonewa yana zuba cikin rami. Muna kwasa da hannu biyu, a ƙwarya, a kwano, da suka cika Malam ya tuɓe rigarsa ya ƙulle hannuwanta ta zama buhu. Shinge a kunne, shinge a hanci, shinge a cikin zane. Ina dariya ina kuka, shi kuma yana cusa wani a baki ɗanye yana cewa, "Kwasa, ke dai kwasa!"

Washegari na yi abin da uwata ta koya mini. Na toya shi sama-sama a tukunya, na sheƙe fiffiken, na baza a rana har ya bushe ƙayau. Tashin shinge ba ya daɗewa, kafin a ankara ya wuce, masunta sun kama na ranar sun gama. Amma kifin ya ɗanɗana, ya ƙi komawa zurfi, yana ta shawagi a gaɓa yana jiran ƙari, kuma duk tungar mu kaɗai ke da shi a ajiye. Ige ta zo ta tsaya a kan shanyata ta riƙe baki. Ita ta nuna wa Malam yadda zai yi: ƙugiyar kawara a sama-sama gindin busassun itatuwa, shinge ɗaya a kowace, na gura kuwa a daka shi da laka a dunƙule don tarwaɗa da kurungu. Turmin da aka aro don irin Inna, shinge na daka a ciki.

Da safe na ji Malam na ƙwala mini kira daga gindin ƙiryarsa. Na ruga na tarar da shi cikin ruwa har ƙirji, ya kasa ɗaga gura. Muka kama tare, tarwaɗa cike suna gurnani, wata ta kawo wutsiya ta wanke shi da mari. Ya ce, "Mare ni, 'yar albarka, ƙara!" Tun daga ranar banda ba ta huce ba. Masuntan da ke kiransa Bazamfare suna dariya suka koma kiransa Bazamfare da ladabi, suna kawo kifi a ba su shinge. Wahalata ɗaya, tsare shingen daga bakin Malam ya fi tsare irin wuya, don duk sanda na juya sai in ji yana tauna.

Da kwandunanmu suka cika Ige ta ce, "Ɗiyata, ruwa ya wuce ku ya yi arewa. In kuna son shuka, ku bi shi." Ta sauko mini da burgamin da kanta, ya yi baƙi sil da hayaƙi. Muka hau mota a kan kaya. Duk garin da muka wuce ƙasa jiƙe, mutane sun duƙa suna shuka, gabana na faɗuwa kada ruwa ya riga mu gida. Ina ta leƙen ƙasa har ta fara komawa fara busasshiya, sannan na yi ajiyar zuciya, karo na farko ke nan da na yi murnar ganin fari. A Ƙaura Maman Ladi ta rungume ni da ƙarnina da komai, ta karɓi kwando ɗaya ta haɗa mu da mai dawa.

Muka shiga Katuru da la'asar, hadari na haɗuwa a bayanmu. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance har na so in wuce ta, yaran na kwance kusa da ita, duk da ransu. Malam ya sauke kwandon kifi da dawar a gabanta yana rawar jiki. Ta tura wa yaran, ko kallo ba ta yi ba. Ni ta miƙo wa hannu.

Na kwance burgamin na ɗora mata a cinya. Ta ɗaga shi ta auna nauyinsa, ta dubi ɗanta, ta dube ni. Ta ce, "Ya roƙa?"

Na waiwayi maigidan. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Na roƙa, Inna. Ta hana."

Ta kwance bakin ta kai hanci, sai ta ja da baya tana tari. "Wanga hatsi na ko kihi?" Dariya ta kama ta, ta kama mu duka, har yaran da bakinsu ke cike. Daga nan geron ya samu suna. Maƙwabtan da suka cinye nasu irin suka riƙa zuwa tana ba su tafi-tafi, kuma har yau a wajenmu Mai Ƙarni ake ce masa, ko da yake ƙarnin bai wuce shukar farko ba.

Da dariyar ta lafa ta riƙe hannuna, nata duk ƙashi. Ta ce, "Kin san wani abu? Ran da ƙaramin ga ya yi kuka har muryatai ta ɗauke, na tashi na wanke turmi, na shiga ɗaki na kai hannu inda nika rataye shi. Na san ba shi nan, ni nib ba ki. Amma sai da nil laluba. Kullum sai na laluba."

Ɗigon farko ya faɗo a kan burgamin tana riƙe da shi. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ce wa Malam ya bar tsayuwa ya je ya nemo sungumi.

Yanzu iri a leda ake sayo shi a kasuwa, 'ya'yana ma sun sha kawo mini. Ina karɓa in gode. Amma Mai Ƙarni na nan rataye a madafata inda hayaƙi ke samunsa, kuma da safen nan na sa jikata Hassi ta hau kujera ta sauko da shi. Ta riƙe shi da hannu ɗaya tana cin shingenta da ɗayan. Na ce ta ajiye kwanon ta kama da hannu biyu.